Mai Karnukan Kyaftin Belmonte

An yi wani mutum a ƙasar Italiya tun zamanin da, wani bawan Allah mai suna Ilario. Bai yi karatu ba. Aikinsa kula da karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara. Ubangidansa Kyaftin Belmonte sau uku yana fita neman ƙarshen duniya ta arewa, sau uku yana dawowa hannu rabbana. A ta huɗu, gemunsa ya yi fari, ya ɗauki Ilario suka tafi.

Jama'a, ku saurara. Ƙasa ce da rana ke wata da watanni ba ta faɗi ba. Sama fari, ƙasa fari. Kwana arba'in suka yi suna tafiya, in ma arba'in ɗin ne, don lissafi ya ɓace musu. Allurar da ke nuna arewa sai juyi take yi. Hasken ƙanƙara ya kashe wa Kyaftin ido, Ilario ke jan sa.

Ran nan Ilario ya ga sawun mutum biyu a gabansu. Nasu ne? Na wasu ne? Gaba suke yi, ko kewaye? Ya tsaya, kansa ya ɗaure.

Kyaftin ya ce, "Mun iso. Jikina ya ba ni. Kafa tuta, kai ne shaidata."

Ilario ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Ba mu iso ba kenan?"

"Shi ma ban sani ba."

"To me ka sani?"

"Na san karnuka shida suka rage, kuma suna jin yunwa."

Allah ya kuɓutar da su, suka dawo gida. Gari ya cika a dandali, ga lambar girma an tanada. Magajin gari ya ce, "Ilario, kun taka wurin?" Kalma ɗaya ce fa! Ilario ya dubi tsohon da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan buri, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Aka yi ta masa ihu, ana ce masa wawa, butulu. Sai Kyaftin ya miƙe yana lalube, ya ce, "Ku bar shi. Ni ma ban sani ba." Aka mayar da lambar cikin akwati, kowa ya watse.

'Yan'uwa, wanda ya ce bai sani ba alhali bai sani ba, ya fi mai rantsuwa a kan zato. Mu nawa ne a nan aka kira shaidar iyakar gona, muka dafa ƙirji don mai gonar namu ne? Mu nawa aka tambaye mu magani ko fatawa, kunya ta sa muka ƙirƙiro amsa? In kanka ya ɗaure, faɗi cewa ya ɗaure. Allah ya tsare harsunanmu.