A-kori-kurar Ɗan Kofur da Gangaren Dabai

Akwai wani bakanike a Rikoto, cikin garin Zuru, sunansa Philemon, amma kowa Ɗan Kofur yake kiransa. Mahaifinsa, Kofur Haggai, tsohon soja ne. Da ya rasu bai bar komai ba sai gona da wata tsohuwar Fijo 404 a-kori-kura, irin mai buɗaɗɗen bayan nan.

Motar ta girmi Philemon. Ba ta da gudu ko kaɗan, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ita ke kwaso dawa da kaka, ita ke kai gawa maƙabarta, ita ke ɗaukar matan coci idan suna da taro.

Philemon ya koyi aiki a Kaduna, kuma hannunsa yana da kyau, wannan ba mai ƙwace masa. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya jure a yi masa dariya. Idan kana so ya haɗiyi garwashi, ka ce masa ba zai iya ba.

To, akwai wani direban bas mai suna Arzika da ke lodi a Dabai, mutum mai bakin tsiya da son raha. Duk lokacin da a-kori-kura ta zo wucewa tana nishi, sai ya miƙe ya ɗaga murya:

"Ɗan Kofur! Wagga mota taku ko jaki ya hi ta sauri. In ta mace maka ga hanya ka aiko, in taho da igiya!"

'Yan tasha su kwashe da dariya. Wasa ne, kowa ya san wasa ne. Philemon kaɗai ke tafiya da shi gida ya kwana yana juyi.

Da damina ta ja baya a shekarar 2006, sai ya tafi Kaduna ya dawo da turbo da aka ciro daga wata motar da ta yi hatsari. Ga wanda bai sani ba, wani ƙarfe ne mai kama da katantanwa, hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya riƙa cusa wa inji iska da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ya haɗo da babban kafireto, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya ba inji. Ya yi makonni yana yanka, yana walda, yana gyaran wuta.

Kafin motar ta tashi ma, labari ya riga ya gama gari, domin shi da bakinsa ya baza shi. Ya aika wa Arzika cewa ya tanadi igiyarsa, amma don ya ɗaure wandonsa ranar da iska za ta wuce shi.

Ranar Asabar ɗin da Zumuntar Mata ke da babban taro a wani ƙauye gaba da Dabai, ranar ce aikin ya kusa kammala. Mahaifiyarsa, Mama Beatrice, ita ce shugabar matan cocinsu, ita ke ba da waƙa, kuma tun zamanin Kofur wannan motar ke kai su.

Abu ɗaya ya rage. Akwai wani ɗan sifirin da ke mayar da totur baya idan direba ya ɗage ƙafarsa. Na tsohon kafireto bai kai ba, sabon kuma bai zo da nasa ba. Ga mata sun fara taruwa a ƙofar gida cikin ankonsu, da tulunan kiɗansu a kai.

Philemon ya ɗauko tsohon tib ɗin taya, ya yanko roba, ya ɗaure totur da ita. Kada mu yi masa baki da yawa a nan, rabin motocin ƙasar nan roba da waya ke riƙe da su. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, robar tana dab da turbo, wanda in ya ɗau zafi har ja yake yi.

"Ka gwada ta kuwa?" in ji Mama Beatrice, tana gyara ɗankwalinta.

"Mama, ni na haɗa ta. Shiga kawai."

Ta shiga gaba kusa da shi. Sauran matan suka hau baya suka cika ta fal, har da wata Leah mai goyon jaririya.

Gaskiya motar ta canza. Da ya taɓa totur sai ta yi wani fito, ta zabura kamar ba ita ba. Mata suka yi guɗa, suka ɗauki waƙa. Philemon ya ji kansa ya kumbura har yana neman taɓa rufi.

Da suka tunkari tashar Dabai, ya hango bas ɗin Arzika, ya hango mutane sun miƙe suna nuno shi. Ya taka totur har ƙasa.

Ya ɗage ƙafarsa. Motar ba ta rage ba.

Ya sa yatsan ƙafa ya ɗago fedar totur. Ta taso sakwaf, babu abin da ke riƙe da ita, inji kuma yana ta ƙara kuka. Nan take ya gane: roba ta narke ta tsinke, totur ya tsaya a buɗe.

Ku saurara da kyau, domin nan ne labarin yake. Hanyar gaban tashar shimfiɗaɗɗiya ce, birkinsa lafiya lau. Da ya murɗa makulli ya kashe inji, da motar ta gangara gefe ta tsaya, ya buɗe gaba ya sake ɗaure wata robar. Hannunsa har ya kai kan makullin.

Sai ya ga Arzika ya cire hula yana kaɗa masa ita.

A ce a nan za ta tsaya? A gaban waɗannan mutanen, ranar farko, ga mata cike a baya? Ya janye hannunsa. Ya ce a ransa bari ya danne ta da birki har su fita gari, in sun shiga daji inda ba kowa sai ya tsaya ya gyara.

Suka wuce tasha ana tafi ana ihu. Philemon har ya ɗaga hannu.

Amma bayan tasha akwai gidaje, bayan gidaje akwai masu aikin gona a bakin hanya, ko'ina sai ya ga kamar akwai idon da ya san shi. Ƙafarsa na kan birki, inji na ja gaba, birki na ja baya. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Philemon, mene ne ke ƙauri haka?"

"Sabon aiki ne, Mama. Haka yake yi."

Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa. A baya waƙa ta fara raguwa, domin hayaƙi ya soma tasowa daga ƙafafun motar.

Daga nan hanya ta karya ta fara gangarowa zuwa rafi. Philemon ya ce to yanzu kam ya isa, ya kashe inji, ya danna birki da ƙarfinsa.

Fedar ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Birki ya ƙone.

Ya buga, ya sake bugawa, babu. Ya ja birkin hannu, wanda ya mutu tun Kofur yana da rai. Ya taka kuloci don ya sauko giya, giyar ta fita daga inda take, ta ƙi shiga ta ƙasa, sai gurza take yi. Yanzu babu inji, babu birki, babu giya, ga nauyin mutane yana tura su.

Can ƙasa, a kan 'yar siririyar gadar rafin, ga amalanken shanu ɗauke da itace, ya cika hanya.

"Yesu!" Leah ta ƙwala ihu daga baya. "Ɗiyata! Philemon, tsaya!"

Mama Beatrice ba ta yi ihu ba. Ta juya ta buga gilashin baya da tafin hannu.

"Ku kwanta! Kowa ta kwanta ƙasa! Leah, sa yarinyar a tsakiya!"

Sannan ta ce da ɗanta, murya ƙasa-ƙasa, "Gona. Shiga gona."

Ya karya sitiyari dama. Motar ta tsallake kwata ta faɗa cikin dawa. Kun san kunyoyin mutanen Zuru, ba na wasa ba ne. Kowace kunya sai ta ɗaga motar ta buga da ƙasa, tuluna na fashewa, karan dawa na dukan gilashi har ba ya ganin gabansa. Gudun ya ragu, ya ƙara raguwa, har ya fara sa rai sun tsira.

Akwai wani dutse a tsakiyar gonar da dawa ta rufe. Ya daki motar ta gefen da Mama Beatrice take zaune.

Matan baya sun sha da ƙujewa da targaɗe, jaririyar Leah ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma ƙarfen gaban motar ya lanƙwaso ya danne ƙafar Mama Beatrice.

Arzika ne ya fara isowa, domin ya ɗauko lodi yana bayansu. Ya sauke fasinjojinsa a bakin hanya, ya shigo gonar da jak a kafaɗa. Da shi aka ɗaga ƙarfen, a bas ɗinsa aka kai ta asibiti, yana tuƙi yana cewa, "Sannu Inna, sannu, mun kusa." Bai yi dariya ba, bai ce uffan a kan mota ba, ranar ko bayanta.

Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Duk wanda ya zo dubiya, Mama Beatrice sai ta ce tsautsayi ne, ta ce ba don ƙwarewar ɗanta ba da duk sun mutu a kan gada. Mutane suka riƙa dafa kafaɗarsa suna sa masa albarka.

Ranar da za a sallame ta, suna su biyu, ta kira shi kusa.

"Philemon, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi mini ƙarya. Tun daga ina ka san motar ta ƙi tsayawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun tashar Dabai, Mama."

"A wurin, za ka iya tsayar da ita?"

"Zan iya."

Hawaye suka gangaro mata, abin da ko ranar da aka yanke ƙafar ba a gani ba.

"Da ka tsaya, dariyar yini ɗaya za su yi maka, ɗana. Gobe su manta." Ta share fuskarta da bakin zane. "Na yafe maka. Zo ka ɗaga ni, mu tafi gida."

Ya durƙusa, ta hau bayansa. Tun daga ranar, kowace Lahadi haka yake goya ta ya hau da ita matakalan coci. Mutane na tsayawa suna cewa Allah ya ba kowa ɗa irin Ɗan Kofur, ita kuma tana amsawa da amin. Shi dai bai taɓa iya ɗago kansa ba.

Darasi: Idan ka gane ka yi kuskure, tsaya a nan inda ka gane, ko da duniya ce ke kallonka. Kunyar da kake gudu ta yini ɗaya ce, amma abin da ɓoye kuskure ke jawowa, sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne ke ɗaukarsa har ƙarshen rayuwarsa. Ku tura wa direbobi da makanikai da duk wanda rayukan mutane ke hannunsa, wataƙila wani ya taka birki tun yana ci.