Shitu Ya Koma Gida Kuwa?

Akwai wani mutum a ƙasar Ƙaraye ana ce masa Muntaka. Jiya na tuna da shi, da na sa muku hoton bangon littattafan Shitu kuka cika min shafi da hira. Wannan ya ce a aji uku ya karanta, waccan ta ce yayanta ya zane ta don ta ɗiga wa mai koren bango manja. Har da masu rantsuwa sun karance duka biyar ɗin a wuni guda. To, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ku gyara zama, ni nawa labarin ba na dariya ba ne.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, ƙananan littattafai ne guda biyar, kowanne da launin bangonsa. Labarin wani yaro ne Shitu da ya bi sawun maraƙinsa da ya ɓata, shi ma ya ɓata. Duk littafin da ka gama sai ka bar Shitu a wani gari, bai ga hanyar gida ba.

Muntaka ya tashi a wani ɗan ƙauye, Tsamiyar Adama, a farkon shekarun 1980. Makarantarsu kwafi ɗai-ɗai take da shi, a kulle a akwatin hedimasta, kuma wanda ya fi iya karatu ake ara wa. Muntaka kuwa bakinsa bai san gargada ba. In yana karatu sai ka rantse rediyo aka kunna.

A ƙofar gidansu akwai tsohuwar tsamiya, a gindinta kuma kullum akwai Iya Tani, ƙanwar kakarsa. Ciwon yana ya rufe mata ido, amma hannunta bai manta kaɗi ba. Tana zaune da audugarta da mazarinta, tana murzawa, zare yana fita sumul. Iyaye suna hana yara zama a gindin tsamiya da tsakar rana, kun dai san dalili. Ita kuwa cewa take ta daɗe da maƙwabtanta na saman bishiyar, ba sa shiga harkarta, ba ta shiga tasu.

Da la'asar yara suke taruwa a wurinta. Muntaka ya karanta, ita ta raba soyayyar gyaɗa. "Angona" take ce masa, irin wasan kaka da jika, kuma shi kaɗai take kira da haka.

Yaran dariya suke nema a labarin, amma ita da wata manufa take saurare. Tana da ɗa guda ɗaya tilo, Ƙasimu, wanda ya tafi cin rani Kurmi tun kafin a haifi su Muntaka. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba labarin mutuwa. Duk sanda aka rufe littafi sai mazarinta ya tsaya, ta yi tambaya ɗaya: "Angona, Shitu ya koma gida kuwa?" Ya ce mata tukuna, sai a na gaba.

Na biyar ɗin, mai farin bango, bai iso makarantar ba sai a shekararsu ta ƙarshe. Muntaka ya zo na ɗaya, hedimasta ya ba shi littafin kyauta, ya zama nasa halak malak. Ya yi ta karanta wa Iya kaɗan-kaɗan har suka zo inda Shitu ya hau wani dutse ya hango hayaƙin wani gari. A nan aka kira magariba.

Iya ta roƙe shi ya ƙarasa, ya ce gobe. Sai ta tsinko zare daga mazarinta ta miƙa masa, ta ce ya sa a inda suka tsaya. Ta ce masa labarin da aka buɗe ba a barin sa a buɗe, ko tatsuniya ce sai an rufe ta kafin a watse.

Goben nan ba ta zo ba. Washegari labari ya iso ya ci jarrabawar makarantar kwana. Aka shiga murna, aka shiga ɗinki da sayen akwati. Abokinsa Nasidi, wanda karatunsa sai da lalube, ya ce ya bar masa littafin ko da gargada ya ƙarasa wa Iya. Muntaka ya ce kyautarsa ce, mai so ya zo na ɗaya. Ya jefa shi ƙasan akwati ya tafi.

Da ya dawo hutu, sai ga shi da farin wando da Turanci a baki. Iya ta gane takunsa tun daga nesa, ta kira shi ya zo ya rufe mata labari. Ko rusunawa bai yi ba. A tsaye ya ce, "Iya, ni fa yanzu na wuce karatun yara."

Ɗan aji ɗaya a sakandare fa, jama'a. Wallahi duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci.

Haka aka yi ta yi, hutu bayan hutu. Tana kira, yana canja hanya, har ya koma shiga gida ta baya. Yana aji uku aka aiko masa Iya Tani ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya ci gaba da abin da yake yi.

Shekaru suka ja. Aka gina madatsar ruwa ta Challawa, aka tashi mutanen ƙauyen, ruwa ya shanye gidaje da makaranta da maƙabarta. Kowa ya kama gabansa. Muntaka ya sami aikin ofis a Ƙaraye, ya auri Laure, suka haifi 'ya mace, Mariya. Nasidi ya koma Rogo Sabon Gari yana noma da ɗinki.

A 1996 aka yi wa Nasidi haihuwa, 'yan ajinsu suka haɗu a wurin suna. Bayan an ci an sha, aka baje a rumfa, hira ta gangaro kan littattafan Shitu, kamar dai yadda kuka yi min jiya. Wani ya tuna inda Shitu ya kwana a rumbu ɓeraye suka cinye masa hula. Wani ya kwaikwayi tafiyar hedimasta da makullin akwati a wuya. Aka yi dariya har da hawaye.

Sai wani ya ce, to wai ya aka ƙare ne? Aka dubi juna. Ashe duk cikinsu ba wanda ya taɓa jin ƙarshen. Ido ya koma kan Muntaka. Ya yi 'yar dariya ya ce wa yake riƙe shirmen yara a ka. Gaskiyar magana, shi ma bai taɓa buɗe littafin ba tun ranar da ya sa zaren.

Nasidi bai yi dariya ba. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ciwon Iya ya yi tsanani, ya je ya zauna kusa da ita da wani tsohon littafin lissafi a hannu, yana buɗe shafi don ta ji ƙarar takarda. Ya ƙirƙiro ƙarshe daga kansa, ya ce Shitu ya koma gida, an yi kiɗa an yanka rago.

Ya ce ta saurara har ya gama, ta lalubo kansa ta shafa. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka so ka faranta min. Amma ba haka mai littafin yake magana ba. Zan jira angona."

Muntaka ya duba agogo, ya ce yana da uzuri, ya hau babur ɗinsa.

Bayan 'yan kwanaki ya taso daga aiki da la'asar, ya tarar da Mariya zaune a tabarma a tsakar gida. Lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, hannu ɗaya a sama, ɗayan yana murza abin da babu shi. Idonta a buɗe yake amma ba shi take kallo ba.

Ya yi sallama. Ba ta taso ta rungume shi ba yadda ta saba. Hannunta ya tsaya cak, ta karkato kunne wajensa ta ce, "Angona, Shitu ya koma gida kuwa?"

Jakar hannunsa ta faɗi.

Laure ta ce wataƙila a gidan suna yarinyar ta tsinci maganar. Amma Mariya tana cikin gida wurin mata ranar, kuma yarinyar da ba ta taɓa ganin mazari ba, wa ya koya mata murza shi?

Tun daga ranar, da safe lafiya lau take wasanta. La'asar na yi sai ta koma tabarma ta kama kaɗin iska, ta yi tambayarta sau ɗaya, ta yi shiru tana jira. Abinci ya fita daga ranta. Wuyanta ya zama siriri, idanu suka faɗa. An kai ta asibiti, an auna, an ce ba a ga komai ba. Laure ta yi kuka har ta gaji. Tsoro ya kama Muntaka sosai, don yana ganin 'yarsa tana ƙarewa a gabansa.

Ya je wurin wani dattijon malami, Malam Mijinyawa, ya zayyana masa komai. Malam ya ce wanda ya mutu ya tafi ke nan, ba ya dawowa, kada ya sa wa ransa wannan. Amma haƙƙi ba ya mutuwa tare da mai shi, kuma Allah yana tunatar da bawansa ta inda ya ga dama. Ya ba shi addu'o'in da zai riƙa tofa wa yarinyar, ya ce ya yi wa tsohuwar sadaka, sannan ya je ya cika alkawarin da ya ɗauka.

Muntaka ya zazzage tsohon akwatinsa. Littafin yana ƙasa, farin bangon ya koma ruwan ƙasa, zaren yana nan a inda aka sa shi. Da la'asar ya zauna gaban Mariya zai buɗe. Ta kau da kai ta ce, "Ba a nan ake karatu ba. A gindin tsamiya ake yi."

Tsamiyar da take ƙarƙashin ruwa.

Bai da wanda zai nufa sai Nasidi, mutumin da ya taɓa ce wa mai so ya zo na ɗaya. Nasidi bai tayar da tsohon zance ba. Ya ture keken ɗinkinsa, ya sa hula, ya ce su tafi.

Bazara ce, ruwa ya ja baya. Suka sami wani masunci, Ɗantala, wanda ya ce ya san wurin sarai, don rassan bishiyar sun sha yaga masa koma. Ya ce su masunta ba sa son zuwa nan da yamma, kuma bai taɓa ganin tsuntsu ya sauka a kanta ba. Da ƙyar ya yarda ya ɗauke su.

Suka yi ta tafiya a kwalekwale har gaɓa ta yi nisa. Can sai ga busassun rassa baƙaƙe sun leƙo daga ruwa. Ɗantala ya ɗaga filafili. Iskar da take kaɗawa tun daga gaɓa ta ɗauke ɗif, ruwan ya kwanta. A ƙarƙashinsu ƙofar gidan su Muntaka take, da inda yara suke zama, da inda ya tsaya a tsaye ya ce ya wuce karatun yara.

Muntaka ya fito da littafin. Ya ce wa Nasidi abin da yake tsoro shi ne a ce Shitu bai koma ba, to me zai ce mata, kuma me zai sami Mariya? Nasidi ya ce ya karanta abin da ke rubuce kawai, gaskiya ta nema tun farko.

Muntaka ya buɗe inda zaren yake. Ya juya don ya ga yawan abin da ya rage, sai ya ga bayan wannan fallen babu komai sai bango.

Ya karanta da ƙarfi, muryarsa tana tafiya a kan ruwa. Shitu ya gangaro daga dutsen, ya bi hayaƙin, ashe garinsu ne. Ba kiɗa, ba rago. Ya tarar da uwarsa tana daka, ya yi sallama, taɓarya ta faɗi daga hannunta. Ta ce masa ya shigo, ta ajiye masa tuwo. Iyakar labarin ke nan. Mai alwala ma ba zai idar ba kafin a gama karanta shi.

Wani reshe ya motsa a hankali alhali ba iska. Ɗantala ya ce su yi abin da za su yi su tafi. Suka ɗaga hannu suka yi wa Iya Tani addu'a, suka haɗa da Ƙasimu, ko yana raye ko ya mutu.

Da suka iso gida, Laure ta tare su a zaure. Ta ce da la'asar sakaliya Mariya tana cikin kaɗinta sai ta sauke hannu, ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdulillahi, ya koma." Ta kwanta ta yi barci, ta farka tana neman tuwo. Ga ta can tana ci. Da aka tambaye ta Shitu, cewa ta yi wane ne shi.

Ni ban ce muku na san abin da ya faru ba, Allah ne masani. Yarinya dai ta warke sarai.

Muntaka ya leƙa ya ga 'yarsa tana lasar miya a yatsa. Ya dawo zaure ya zauna a ƙasa da kayan ofis ɗinsa, ya rufe fuska ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Nasidi yana ba shi haƙuri, shi kuwa abu ɗaya yake ta maimaitawa.

"Falle ɗaya ne, Nasidi. Falle ɗaya tsohuwar nan ta yi ta roƙo na har ta mutu."

Darasi: Abin da tsoho yake roƙon ka sau da yawa bai taka kara ya karya ba a wurinka, amma shi a wurinsa duniya ne guda. Kada ɗan ilimin da Allah ya ba ka ya sa ka ga ka fi ƙarfin waɗanda suka saurare ka tun kana haɗa baƙi, kuma kada ka ce wa mai jiran ka "gobe" alhali kana da ikon yi yau. In akwai dattijon da kake ta ɗaga wa alkawari, tashi ka je tun yana gindin bishiyarsa. Ku tura wa 'yan ajinku na firamare da duk wanda yake da tsoho a gida, Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu.