Zanen Zauren Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ji ku. To ga ta, sai ku matso.

A garin dabbobi kowane babban gida da zanensa a goshin zaure. Gidan Giwa haure ne, wai alamar ƙarfi. Gidan Kada wutsiya ce, wai alamar haƙuri, ko da yake waɗanda suka ga haƙurin nan da idonsu ba su dawo sun ba da labari ba. In ana biki, duk zauren da ke ɗauke da zanen dangi sai an kai masa akushi.

Zauren Kurege kuwa ba zane, sai tsagar da damina ta yi masa. Akushi ya wuce ta gabas, akushi ya wuce ta yamma, shi yana haɗiyar yawu.

Sai ya tafi wurin Zanzaro magini.

"Sarkin magina, haure nake so a zaurena. Da wutsiya."

"Kurege, me ya haɗa ka da Giwa?"

"Kakata ta taɓa hutawa a inuwarta."

"Kada fa?"

"Kogi ɗaya muke sha."

Zanzaro ya karɓi goro, ya ga hujja ta cika. Ya kwaɓa ƙasa, ya zana haure a sama, wutsiya a ƙasa.

Biki gidan Giwa, akushi. Suna gidan Kada, akushi. Kurege ya yi kumatu.

Ran nan sai ga Giwa da Kada sun zo zumunci. Giwa ta leƙa rumbu.

"Ƙanena, gyaɗa nake gani? Tun da ta shaƙe kakanmu, mai haure a zaure ba ya ci, ba ya ajiyewa. A ƙone ta."

Kada ya ce, "Mu kuma aya ce ba ma ci. A zuba ta a kogi."

Rumbun Kurege rabi gyaɗa, rabi aya. Ga rani a gaba.

Kurege ya durƙusa. "Yaya, ai yadda kuka ce. Sai dai umarnin wa zan fara bi? Na babba, ko? Ga shi Zanzaro ya sa haure a sama."

Kada ya ɗaga kai. "Wa ya sa wutsiyata ƙarƙashin haƙorin wata?"

Giwa ta ce, "Wutsiya ai ko a jikinka a ƙasa take."

Kada ya zabga wa zanen haure wutsiya. Giwa ta danna wa zanen wutsiya goshi. Ya zabga, ta danna, ya zabga, ta danna. Zaure dai bai da ra'ayi a maganar, sai ya zauna ƙasa.

Da ƙura ta lafa, Kurege ya ce, "Yaya Giwa, in ɗauko wuta?"

Giwa ta dubi tarin ƙasa. "Wace ce yayarka? Ina haure?"

Kada ya ce, "Ni ma ban san ka ba."

Suka tafi, kowa da hanyarsa. Rumbu na nan tsaye. Kurege ya haƙa rami a gindinsa, ya shige da gyaɗa cike da baki.

Ƙurunƙus, wutsiyar kurege ta bi shi ciki. Wanda duk zai zaɓar wa kansa dangi, ya fara tambayar abin da ba sa ci.