Bututun da Sallau Ya Karkatar

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai aikin famfo, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Sallau ake ce masa. Bai yi boko ba, amma in ya haɗa bututu, ko ɗigo ba ka gani.

Ku saurara, jama'a. Aka ɗauke shi aiki a wurin ginin wani asibitin haihuwa. Ginin nan biyu ne: ɗaya a ƙasa, ɗaya a cikin kwamfutar Injiniya Rakiya, mai kula da aikin. Kowane ginshiƙi, kowace waya, kowane bututu, akwai shi a na kwamfutar, daidai inda yake. Leburori suka sa musu Hassan da Usaini. Na kwamfuta ne Hassan, don shi ya riga zuwa duniya. Doka kuwa ɗaya ce: duk wanda ya sauya wani abu a jikin Usaini ba da izini ba, ya kwashe kayansa ya kama hanyar gida.

Ran nan Sallau yana shimfiɗa babban bututun ruwa, sai ya ci karo da dutse. Injiniya ba ta nan. Ya karkatar da bututun taku uku, aka mayar da ƙasa, aka daɓe. Sai da ya zauna cin abincin rana sannan dokar ta faɗo masa, ya ture kwanon gefe, ya faɗa wa abokinsa Barau birkila abin da ya yi.

Barau ya ce, "Ci abincinka, malam. Kwamfuta tana da ido a ƙarƙashin ƙasa ne?"

"Ba ta da shi."

"To, wa ya gani?"

"Ni na gani. Hassan na can yana cewa bututu na nan, alhali ba ya nan. Ni na sa shi yin ƙarya."

"'Ya'ya shida gare ka, kana tausayin kwamfuta!"

Washegari da safe Sallau ya tsaya gaban Injiniya. "Ranki ya daɗe, na yi laifi." Ya kai ta wurin, ya nuna mata.

Ta gyara zaman bututun a cikin kwamfuta. Nan take wurin ya yi ja a kwamfutar, alamar haɗari. Ta ɗaga kai ta ƙwala wa direban motar haƙa kira: "Jatau, kashe injin! Kashe!"

Ashe daidai nan za a haƙa ramin ginshiƙin tanki a safiyar. Da Sallau ya yi shiru, da bututun ya fashe, ruwa ya shiga harsashin ɗakin haihuwa.

Injiniya ta yi ajiyar zuciya, sai ta fashe da dariya. "Baba Sallau, laifi kam ka yi, kada ka ƙara. Amma in kore ka? Daga yau kai ne za ka riƙa zagayawa kana faɗa mini inda Usaini ya saɓa wa Hassan."

"Ai ban iya karatu ba, ranki ya daɗe."

"Masu karatu ina da su. Mai faɗin gaskiya nake nema."

Barau ya ce, "Ni fa tun jiya nake ce masa ya faɗa!" Leburori suka kwashe da dariya.

To, 'yan'uwa, kowannenmu yana da abin da ya binne, ya daɓe, yana cewa wa ya gani. Allah ya gani. Gaskiya ba ta raba bawa da abincinsa. Kai tela, kai makanike, ke mai abinci: in ka karkatar da bututu, je ka faɗa tun ba a tayar da injin ba. Allah ya sa mu dace.