Bari Kasuwa Ta Tashi

Akwai wani direban a-kori-kura a Ƙanƙara mai suna Barau. Na daɗe ina son in ba ku labarinsa, 'yan uwa, amma duk sanda na fara rubutawa sai raina ya ɓaci in ajiye wayar.

Motarsa tsohuwa ce, mai ƙara kamar injin niƙa. Tun tana bakin titi 'yan unguwa sun san shi ne tafe. Ranar kasuwar Ƙanƙara kuwa ba ya ji ba ya gani. Zai kwaso masara da dawa daga ƙauyuka, ya sauke, ya koma.

Matarsa Lauratu 'yar Daudawa ce, ta ƙasar Faskari. Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta suka nemi ta je gida haihuwa kamar yadda aka saba. Barau ya ce to wa zai dafa masa abinci? Haka ta zauna.

Naƙuda ta kama ta tun jajiberin kasuwa. Da safe ungozomar unguwa, Iya Fatsuma, ta tare shi a ƙofar gida yana ɗumama mota.

"Barau, yarinyar ga ta galabaita, ɗan ya ƙi saukowa. Ka ɗauke mu mu tahi asibiti."

"Iya, yau fa kasuwa ce. Buhunan mutane na can na jirana."

"Buhu kake gaya mani? Rai biyu ne a ɗaki!"

"Mata nawa suka haihu a ɗaki lafiya lau? Ku ba ta rubutu ta sha. Bari kasuwa ta tashi."

Ya ja motarsa ya tafi.

Sai da rana ta yi sanyi maƙwabta suka samo motar da ta kai ta asibiti. Yaron ya fito shiru, jikinsa ya saki. An daɗe ana fama da shi kafin ya yi wani ɗan kuka siriri.

Ranar suna Barau ya yanka ƙaton rago, aka raɗa wa yaro Muhammad Awwal, ana kiransa Awwalu. Bakin Barau har kunne, ya samu magaji.

Watanni suka wuce, wuyan Awwalu bai tsaya ba. Sa'o'insa suka zauna, suka yi rarrafe, suka miƙe, shi yana kwance, hannuwansa a dunƙule, miyau na zuba. Ko koko sai an ɗiga masa da cokali kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ya shaƙe. Wani lokaci jijjiga ta kama shi har idanunsa su kakkafe.

Lauratu ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Ta goya shi har ƙafafunsa suka fara dukan bayan gwiwoyinta, ciwon baya ya zauna mata. Matan unguwa kuma ba su bar ta ta ji da abin da ke damunta ba. Wasu na raɗa cewa ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Masu ciki in sun shigo sai su kau da kai don kada su yi ido huɗu da shi.

Shi kuwa gogan naku magana ɗaya ya riƙe: "A zuri'armu babu irin wannan. Daga wajenku aka kwaso."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaron nan yana gane komai. Da ya ji ƙarar motar ubansa sai ya hau dariya, ya dinga jan ciki har bakin ƙofar ɗaki. Kalma ɗaya tak bakinsa ya iya a duniya, ita ce "Baba".

Barau ya tsallake shi ya wuce. "Ɗauke mani abin ga daga hanya."

Wata ranar Sallah abokansa direbobi suka zo masa gaisuwa, suna zaune a zaure. Lauratu na wajen murhu, ba ta ankara ba Awwalu ya ja ciki har can. Ya kama gefen babbar rigar ubansa, ya ɗaga kai da ƙyar. "Baba."

Wani baƙo ya ce, "Allah sarki. Ɗan wane ne?"

Barau ya fizge rigarsa yana goge miyau. "Na maƙwabta ne."

Lauratu ta ji. Da baƙi suka watse ta ce, "Malam, na maƙwabta? Wane maƙwabcin?"

A ranar ya sake ta. Ko a motarsa bai kai su ba. A motar haya ta koma Daudawa, da ɗa a cinya.

Yayanta Malam Sha'ibu, manomi ne, shi ya karɓe su. Ya sa kafinta ya haɗa wa Awwalu kujera mai jingina. Ranar Juma'a yakan saɓa shi a kafaɗa zuwa masallaci, ya zaunar da shi gefensa. Manema sun fito wa Lauratu, amma kowa da sharaɗin ta bar yaron a gida. Ta ce su haƙura.

Gidan yana kusa da hanya. Duk a-kori-kurar da ta wuce, Awwalu zai miƙa wuya yana dariya yana kiran Baba. In ƙarar ta yi nisa sai ya yi shiru. Shekara da shekaru ana haka.

Barau ya auri wata Mansura daga Sabuwa. An jima kafin ta samu ciki. Da naƙudarta ta ja, danginta ba su tsaya neman izininsa ba, suka wuce da ita asibiti. Aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace lafiya lau.

Da Barau ya iso asibitin, wata ma'aikaciyar jinya ta ce masa, "Malam, ka gode wa Allah da aka kawo ta da wuri. Jariri in ya daɗe a hanya bai samu numfashi ba, ƙwaƙwalwarsa ke taɓuwa. Sai ka ga wuya bai tsaya ba, ba zama, ba tafiya, ba magana."

Barau ya ce, "Wannan ba gado ba ne? Ko aikin aljanu?"

"Irin wanda nake gaya maka, doguwar naƙuda ke kawo shi. Sau da yawa jinkirin kawo mace ne kawai."

Ya zauna a benci. Ya tuna Iya Fatsuma a ƙofar gida, ya tuna abin da ya ce mata.

Kada ku ce bai yi nadama ba, ya yi. Har Funtuwa ya je ya sayo keken guragu sabo fil. Amma da wane ido zai kalli Malam Sha'ibu? Sai ya jingine keken a zaure. Ya ce bayan shuka zai kai. Shuka ta wuce, ya ce hanya ta lalace, sai ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, ya ce bayan girbi.

Wata safiyar kasuwa yana tsakiyar lodi, wayarsa ta yi ƙara. Malam Sha'ibu ne.

"Malam Barau, Awwalu ba lafiya. Ƙirjinshi ya cushe, numfashi sama-sama. Ba abin da shike faɗi sai Baba. In da hali ka taho yanzu."

Barau ya dubi buhunan da ke jibge, ya dubi masu kayan da ke tsaye a kansa.

"To Malam, ga ni nan tafe. Bari kasuwa ta tashi."

Wallahi 'yan uwa, da ina wurin da na ƙwace makullin motar nan.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya isa Daudawa, da keken ɗaure a bayan mota. A ƙofar gidan ya tarar an shimfiɗa tabarmi, maza na zazzaune. Jikin bango an jingine shebur da diga, da ɗanyar ƙasa a jikinsu. Ya diro bai ko kashe motar ba.

Mutane na shigowa suna riƙe hannun Malam Sha'ibu. "Allah ya ba ka haƙurin rashin ɗa." Babu wanda ya dubi Barau, don babu wanda ya san shi. Wani dattijo ma ya ce masa, "Direba, in kaya ka kawo matsa gaba, nan gidan rasuwa ne."

Barau ya durƙusa gaban Malam Sha'ibu. "Malam, ina yaron?"

"Da azahar muka kai shi. Mun jira ka iyakar jiran da ake wa gawa."

"Ni ne uban..."

Sai ga muryar Lauratu daga cikin zaure. Ba ta fito ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Yaya, ce mashi ya kashe motar ga. Mai saurarenta ya tahi."

Barau ya juya ya kashe motar. Ya tsaya riƙe da makullin, ga keken a baya ko ledar jikinsa ba a cire ba.

Darasi: Yaron da ya samu rauni wajen haihuwa ba ɗan ruwa ba ne, ba abin kunya ba ne, ɗanka ne, kuma yana jin duk abin da kake masa. In naƙuda ta ja, ajiye duk abin da ke hannunka ka kai matarka asibiti, domin jinkirin wuni ɗaya kan kwantar da yaro da uwarsa tsawon rayuwa. In kuma ka gane ka yi zalunci, gyara shi yau tun mai haƙƙin yana numfashi. Ku tura wa kowane magidanci da kuka sani, musamman wanda matarsa ke da juna biyu.