Bokitin Da Ke Ƙarƙashin Tebur

Akwai wani saurayi da kowa ke kira Auta, har waɗanda ba su san yayyensa ba. Tun yana ƙarami, da an zuba abinci a gidansu sai ya mai da cokali makirfo, ya dinga ba 'yan gidan labarin miyar kamar ba a gabansu aka dafa ta ba. Mahaifiyarsa kan ce bakin yaron nan shi zai ciyar da shi, in dai bai kashe su da surutu kafin nan ba.

To, ranar nan sai ga kira daga wata tashar talabijin. Mai gabatar da shirinsu na yawo gari-gari ana ɗanɗana abinci ya bar aiki, suna neman wani. Za a gwada Auta da kashi ɗaya tak na shirin. In mai tashar ya kalla ya yi masa, aiki ya zama nasa. In bai yi ba, akwai wasu a layi.

Jama'a, zo ku ga tsalle. Auta ya yi ta zagaye tsakar gida har takalminsa ɗaya ya faɗa bahon wankin yayarsa.

Ranar ɗaukar shiri ya riga kowa zuwa, ya sha guga da turare. A cikin mota ya haɗu da Anti Darakta, mai ba da umarnin shirin, mace ce da ba ta dariya sai an tashi aiki. Sai Dogo mai kyamara, wanda ke rungume da kayan aikinsa kamar jariri. Anti Darakta ta ce wuri biyu za su je. Da safe wani ɗan gidan abinci a bayan tashar mota, da yamma kuma babban otal, wanda shi ne ma ke ɗaukar nauyin shirin.

Daga nan ta miƙo masa wani ƙaramin shuɗin bokiti. Auta ya juya shi, ya leƙa ciki, bai ga komai ba.

"Ka sa loma a baki, ka lumshe ido, ka gyaɗa kai," in ji ta. "Da na ce a yanke, wato a tsayar da kyamara, ka tofar a nan. Kowace loma sai mun ɗauke ta ta gaba, ta gefe, ta sama. In ka haɗiye duka, kafin mu kai otal ka zama buhu. Kuma a otal ne mai tashar zai fi sa maka ido."

Ku da kuke kallo a gida kuna haɗiyar yawu, yau kun ji sirrin. Akwai bokiti a ƙarƙashin tebur.

Gidan abincin na wata dattijuwa ne da ake kira Goggo, ita da 'yarta. Ɗaki ne guda da bencina, da ledar tebur mai zanen furanni da ta koɗe, da wata fanka mai ƙara kamar tana gunaguni. Kafin Goggo ta gama yi musu maraba, Dogo ya kashe fankar, ya toshe taga, ya kafa fitilu, ya juya teburin ya kalli bango.

Unguwa kuwa ta tashi. Masu faci da masu wankin mota suka cika ƙofa. Wani tela maƙwabci ya dinga giftawa ta bayan Auta da yadi ɗaya a kafaɗa, ya je ya dawo, wai shi aikinsa yake yi, har sai da Anti Darakta ta yi masa alkawarin za a nuna kunnensa.

Goggo ta kawo miyar kifi da burodi. Aka shafa wa kifin mai don ya yi sheƙi. Aka jiƙa auduga da ruwan zafi aka ɓoye a bayan kwano don a ga tururi. Aka sa ta zuba miya da ludayi, ta mayar tukunya, ta sake zubawa. Ta ce ita tun da ta fara girki ba a taɓa sa ta kwashe miya daga kwanon baƙo ba, amma tana faɗi tana dariya, sabon ɗankwalinta sai walƙiya yake yi.

Sai aka zo wajen ɗanɗano. Auta ya gutsuri burodi, ya dangwali miya, ya kai baki. Wallahi lumshe idon da ya yi ba na wasa ba ne, miyar ta yi daɗi har cikin kansa. Amma da Anti Darakta ta ce a yanke, sai ya sunkuya kamar yadda aka koya masa, ya tofar a bokiti.

Goggo tana tsaye a ƙofar kicin, ta ga komai.

Ta ajiye ludayi, ta juya ta shige ciki. Can sai aka ji ƙarar ruwa a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙo. 'Yarta ta fito idonta jawur, ta ja Auta da Anti Darakta gefe.

Ashe tun wata rashin lafiya da Goggo ta yi, harshenta ya daina jin ɗanɗano, hancinta ya daina jin ƙamshi. Da sabo kawai take girki, sai ta laɓe tana kallon fuskokin masu ci. Kullum tana zargin tausayinta ake ji shi ya sa ake cewa da daɗi. 'Yar ta sha wahala kafin uwar ta yarda a kawo talabijin, don dai ta gani da idonta cewa hannunta na nan. Yanzu ga shi ta kashe wuta, ta ce ita da murhu har abada.

Anti Darakta ta shiga ta yi bayani tiryan-tiryan, ta ce haka aikin yake a ko'ina. Goggo na zaune a kan 'yar kujera ta saurare ta har ƙarshe.

"Na gode, 'yata," ta ce. "Amma ni ban taɓa ganin wanda ya tofar da abin da ya yi masa daɗi ba. Na gida suna jin kunyata. Yau dai baƙo ya gaya mini gaskiya."

Anti Darakta ta fito ta duba agogo. Ta ce abin da aka ɗauka ya isa a haɗa shiri, a naɗe kaya a wuce otal. Ba muguwa ba ce, aiki ne a gabanta. Dogo ya fara kwance fitila.

Auta ya tsaya. Yana son aikin nan kamar ransa, kuma ya san wanda ya shiga mota yanzu ya tsira. Amma ya kasa ɗaga ƙafa. Sai ya ɗauki bokitin, ya wanke shi a famfo, ya shiga kicin, ya kife shi a gaban Goggo ya zauna a kai.

"Goggo, tukunyar ba ta huce ba. Ki zuba mini da hannunki."

"Auta, ka tuna da otal," in ji Anti Darakta daga bakin ƙofa.

Ya ce yana tune. Goggo ta harare shi, ta ce ba ta son a yi mata wasan yara, amma dai ta zuba, wataƙila don ya tashi ya ba ta wuri. Ta zuba wa maƙogwaronsa ido. Dogo kuwa, ba wanda ya sa shi, ya saɓa kyamara a kafaɗa ya raɓe jikin bango. Babu fitila, babu auduga, babu man shafa wa kifi.

Auta ya ci ya haɗiye, ya sake ci. Sai bakin nan nasa ya buɗe. Ya shiga gaya wa Goggo abin da ta daɗe ba ta ji ba: yadda tsamin tumatir ke fara gaishe ka, yadda albasa ta narke har ba ka ganin ta, yadda barkonon ba ya gaggawa, sai ka haɗiye sannan ya biyo ka ta baya ya dafa maka wuya. Goggo dai ba ta saki fuska ba. Ta sha jin yabo.

Sai ya tsotsi yatsa, ya ce, "Sai dai fa, Goggo, gishirin ya ɗan gaza. Kaɗan."

'Yarta ta dafe ƙirji. Anti Darakta ta rufe ido. Amma Goggo sai ta miƙe tsaye zumbur.

"Na sani! Da safe da na ji an ce kun taso, hannuna ya yi rawa, na rage." Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ashe kai ba ka iya ƙarya ba, ɗan nan. To, sauran da ka faɗa ma gaskiya ne ke nan."

Nan take ta sa aka hura wuta. Ta barbaɗa gishiri da yatsu uku, ta juya, ta zuba masa sabon kwano. Ya ɗanɗana ya ce yanzu kam magana ta ƙare. Ta ƙara masa. Ya cinye, ta sake ƙarawa, kuma wa zai ce wa Goggo a'a a wannan rana? Mutanen ƙofa suka ɗauki tafi, tela ya manta da kyamara ya nemi kwano. Har Anti Darakta an gan ta tana suɗe cokali.

Otal kuwa, sai dai mu ce Allah ya kyauta. Dogon tebur, farin ƙyalle, kuku da doguwar hula. Duk murfin da aka buɗe, sai idon Auta ya kawo ruwa. Maɓallin rigarsa na neman tashi. Ga shaƙuwa ta kama shi, kuma makirfo na maƙale a wuyansa, kowace ɗaya sai ta doki kunnen kowa. Manajan otal ya murtuke fuska. A hanyar dawowa Anti Darakta kalma uku ta faɗa, na gaya maka, ta juya tana kallon titi.

Auta ya isa gida jiki a sanyaye, ya gaya wa mahaifiyarsa ya zubar da damarsa. Ta tambaye shi ko tsohuwar ta sake hura wutar. Ya ce ta hura. Ta ce to shi ke nan, ya je ya kwanta ta gefen hagu ko cikin ya sauka.

Bayan 'yan kwanaki aka kira shi tasha. Ya tarar da mai tashar a ɗakin haɗa hoto, an gama nuna masa ɓangaren otal, fuskar nan a haɗe. Sai Anti Darakta, da kanta fa, ta ce akwai wani abu da Dogo ya ɗauka a kicin, a daure a kalla. Aka kunna. Da aka zo wajen gishiri, mai tashar ya ce a dawo da shi baya. Aka dawo. Ya cire tabarau yana goge ido.

Ya ce sun daɗe suna nuna mutane suna gyaɗa kai a gaban abinci, yau ne ya fara ganin wani ya ci. Ya dubi Auta ya ce za a sake ɗaukar na otal gobe, ya zo da yunwarsa, kuma ya biya ofis ya karɓi katin aiki.

Auta ya yi tsallen da sai da Dogo ya rungume kyamara ya matsa.

Da aka nuna shirin, layin gidan Goggo ya kai har ƙofar tela, wanda har yau yake nuna wa mutane inda kunnensa ya fito. Da Anti Darakta ta aika a karɓo bokitin tasha, Goggo ta ce a gaya mata ta sayi wani. Yana nan a kife kusa da murhu, ba mai zama a kai. Duk ranar da ta canza wani abu a miya, sai ta sa 'yarta ta kira Auta, ta ce a gaya wa harshenta ya zo, ga kujerarsa nan tana jiransa.

Darasi: Abin da ka saba yi a wajen aiki ba tare da tunani ba, yana iya karya zuciyar wanda ke kallon ka. In ka ga haka, ka tsaya ka gyara ko da zai ci maka wani abu, kuma ka haɗa kirkinka da gaskiya, don yabon da babu gaskiya a cikinsa ba ya warkar da kowa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman wanda ke dafa muku abinci kullum ba ku taɓa gaya masa yadda ya yi ba.