Ƙullin Kanumfari

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Labarin nan tun da na ji shi bai bar ni na zauna lafiya ba, kuma ba na so ya bar ku.

An yi wani mutum mai shago a bakin wata tashar mota. Ana ce masa Mai Sanyi, don firjinsa ba ya hutawa ko an ɗauke wuta. A gaban shagon lemo ne da ruwa da sabulu da biskit. A bayan firjin kuwa, inda ya rataya wani tsohon labule, katan-katan ne na 'yan ƙananan kwalabe, irin waɗanda direba zai zura a aljihu ba a gani ba. Giya ce, ba sai mun yi mata kwana-kwana ba.

Shi bai taɓa kai ta baki ba, kuma da wannan yake taƙama. In an yi masa magana sai ya ware hannu ya ce, "Ni fa kasuwa nake yi. Na ɗura wa wani ne?" Mutanen unguwa kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Wannan ya ce ai mutumin kirki ne, shi ya gyara famfon layi. Wancan ya ce in bai sayar ba wani zai sayar. Waɗanda suke haɗa kafaɗa da shi a sahu, ko ɗaya bai taɓa jan sa gefe ba.

Da haɗari ya yi yawa a hanya, sai shugaban direbobi ya kafa doka. Tsohon direba ne mai ɗingishi, ya san abin da ya karya masa ƙafa. Ya ce babu motar da za ta fita sai direbanta ya tsaya gabansa ya buɗe baki. "Hura min!" In ya ji wari, ya karɓe makulli, fasinja su koma wata motar. Direbobi suka laƙaba masa suna Hanci. Suna zaginsa a bayan ido, amma fa suna tsoronsa.

Ciniki ya ja baya. Mai Sanyi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗaga labule ya dubi kwalabe, ya saki, ya fito ƙofa ya harari Hanci, ya koma ciki.

To, yana da uwa, tsohuwa, da takan zo daga ƙauye ganin jikoki. Yana sonta so na gaske, wannan ba a ƙwace masa ba. Ita a saninta ɗanta lemo yake sayarwa. Tana fama da ciwon haƙori, kullum da kanumfari a kuncinta, in ta yi magana ɗaki duka ya ɗauki ƙamshi. Wata rana yana zaune gabanta tana sa masa albarka, shi kuwa hankalinsa na kan ƙamshin nan. Ku dubi inda Shaiɗan ya samo masa dabara, a bakin uwarsa!

Ya sayo kanumfari, ya yayyanka jar leda, yana ƙulla 'yan ƙwayoyi a ciki. Duk wanda ya sayi kwalba, ga ƙullinsa kyauta. Ba ya sayar da ƙullin, ba ya ba kowa sai mai kwalba. Direba ya kurɓa a bayan labule, ya tauna, ya je ya hura wa Hanci. Hanci ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, tashar nan duk ciwon haƙori ake yi ne?" Aka kwashe da dariya, motoci suka fita, kasuwa ta dawo.

Kada ku ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Shaidar ita ce bai taɓa sa nasa a motar mai saye a wurinsa ba. In tsohuwa za ta koma gida, motar Baba Sannu yake kai ta, wani dattijo mai furfura wanda ake yi wa tsiya wai ko keke zai wuce shi. Baba Sannu bai taɓa leƙa bayan labule ba. Uwayen mutane su shiga kowace mota, tasa uwar kuwa gidan gaba, kusa da dattijo.

Abin da bai yi tunani ba shi ne mai jin kunya aike yake yi. Akwai wani ɗan kamasho da kullum yake sayen kwalba bibbiyu. Mai Sanyi bai taɓa tambayar ta biyun ta wace ce ba.

Ranar da abin zai faru, tsohuwa ta tashi da kumburin kunci, kanumfarinta ya ƙare. A ƙofar shago ta ce, "Ɗan nan, ba ka da ko ƙwaya ɗaya?" Yana da buhu guda, amma yana bayan labule, ita kuma tana tsaye tana kallonsa. Ya ce, "Babu, Inna, zan aiko miki." Ya sa ta a motar Baba Sannu, ya rufe mata ƙofa da hannunsa.

Ba a kira azahar ba waya ta shigo. Motar ta bar hannunta a wata kwana ta shige ƙarƙashin tirela. Ya ruga asibiti ko shago bai rufe ba, ya tarar an lulluɓe ta. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo masa mayafi da carbi da takalmi ƙafa ɗaya, sannan ta ce, "Wannan a hannunta muka ɓanɓare shi." Jar leda ce, ƙullin hannunsa.

Wata mata da ta tsira, tana kwance a gadon gefe, ta ce, "Direban ne ya ba ta, bawan Allah. Ya ga ta dafe kunci, ya ce, 'Inna, ga magani, ni ma kyauta ake ba ni.' Har albarka ta sa wa mai bayarwar."

Ashe kwalba ta biyun nan Baba Sannu ake kai wa. Ya 'yan uwa, daga ranar Mai Sanyi bai sake zama ba. A zaman makoki ma tashi yake yi yana kewaye. Magana ta fito, unguwar da ta yi shiru shekara da shekaru ta tashi da ihu, aka fasa kwalabe, aka rufe shago. Matarsa ta kwashe yara ta tafi. Yanzu yana nan a tashar, ba takalmi, yana bin motoci taga-taga yana ce wa direbobi, "Hura min." Wasu su hura, wasu su ɗaga gilashi. Shi kansa ya san hancinsa ba zai gane komai ba, don shi ya koya musu.

Ina mai cewa shi ba ya sha, sayarwa kawai yake yi? Malamai sun karantar da mu cewa tsinuwar giya ba ta tsaya kan mai sha ba, tana hawa kan mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Ina kuma masu cewa ba ruwansu? A motar nan ba uwarsa kaɗai ba ce, akwai 'ya'yan waɗanda suka ce ai shi ya gyara famfo. Wanda ya tsaya tare ɓarna, ku taya shi, kada ku yi masa dariya. Wanda kuka san yana da labule, ku je ku same shi yau, tun motar ba ta tashi ba.

Ya Allah, ka tsarkake abin da muke ci da abin da muke sayarwa. Ka mayar da matafiyanmu gida lafiya. Kada ka sa hannunmu ya zama sanadin ajalin kowa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu. Amin.